Dikko Mai Mutanen Kara

Duk wanda ya taɓa hawa babur daga Tambuwal zuwa Kebbe ya kuma sauka da haƙoransa cif, to ya san Dikko ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan da kunnensa na hagu ya mutu, wanda in ka ce masa ya rage gudu sai ya ce ai ga wancan kunnen ka yi magana. A tasha Mai Mutane ake ce masa. Baƙo in ya ji sunan sai ya zaci wani ɗan siyasa ne mai tarin jama'a. Ina! Mutanen Dikko ba sa cin tuwo, ba sa jefa ƙuri'a, ba sa gulma. Na kara ne da tsumma.

Gidan malamai aka haife shi a Kebbe, irin gidan da ko zakara in zai yi cara sai ya ja madda. Ubansa ya rasu tun yana rarrafe, bappansa Liman Abdulhamidu ya riƙe shi. An kai shi allo, allo ya ƙi shi. An kai shi boko, ya yi ta jan ƙafa har aji uku na sakandare, daga nan shi da boko suka yi sallama ba wanda ya yi kewar wani. Da Liman ya ga an rasa inda za a jingina yaron nan, sai ya tura shi fadama korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafa, ko banza dai murya gare shi.

A can baiwarsa ta fito. Kowa ya iya gicciya kara biyu ya rataya musu tsohuwar riga ya ce ya yi mutum-mutumi, kwana biyu ka tarar da tsuntsu zaune a kansa yana gyaran fiffike. Na Dikko daban ne, domin shi tsayuwar mutane yake kallo. Zai yi maka tsoho mai doro, ya yi maka wanda ya sunkuya kamar zai ɗauki hoge, ya yi maka mai tsaye da hannu a ƙugu yana jiran rigima. Kuma kowace safiya sai ya sauya musu wuri, don a cewarsa tsuntsu ba wawa ba ne, mutumin da bai taɓa gusawa ba ko fitsari, ai an san ba mutum ba ne. Har wata tsohuwa ta taɓa gaida ɗaya daga ciki sau biyu, ta dawo gari tana faɗa wai 'ya'yan yanzu ba su da tarbiyya.

Labari ya kai kunnen Liman, ya kira shi zaure.

"Kai Dikko, halittar Allah kaka kwaikwayo?"

"Tsuntsu nika kora, Bappa."

"To kora. Amma kak ka kuskura ka yi musu ido ko baki. Ran Lahira in anka ce ka hura musu rai, mi za ka ce?"

Wannan ita ce fatawa ɗaya tak da ta zauna a kan Dikko. Har yau bai taɓa yi wa mutum-mutuminsa fuska ba.

Amininsa Maccido mutumin Sanyinna ne, aure ya zaunar da shi Kebbe. Ɗan dako ne a kasuwar hatsi. Ɗaukar buhu ta sauke masa kafaɗar hagu ƙasa da ta dama, in ya tsaya sai ya jingina nauyinsa kan ƙafa ɗaya ya dafe ƙugunsa ta baya, ko daga ƙarshen kasuwa ka hango shi ka san shi ne. Matarsa Safara'u malamar firamare ce, suna da 'ya'ya biyu, Uwais da Lubna.

A shekarar da gonakin nesa suka gagari zuwa saboda mutanen daji, a shekarar Ɗangiwa ya dawo Tambuwal da mota mai sheƙi. Ɗan gari ne, ya daɗe a Ikko. Ya ce wani kamfanin tsaro ne ya aiko shi, masu gadin manyan jiragen ruwa daga 'yan fashin teku, kuma 'yan Arewa suke so, don ba su da tsoro, ba sa shan giya, ba su da yawan tambaya. Daga baya Dikko ya gane na ukun nan shi ne magana, sauran biyun ado ne. Ka ji fa: mutanen da garinsu ba mai gadinsa, su ne za a kwasa su je gadin kayan wasu a tsakiyar ruwa. Shi da Maccido kuwa iyakar ruwan da suka sani gulbi ne, shi ma da rani.

Aka kai su Ikko, aka yi musu horo na 'yan kwanaki a bayan wani sito, aka ba su baƙaƙen riguna da hular kwano. Maccido ya juya hular, ya dubi Ɗangiwa.

"Alhaji, ina bindigogin?"

"Wace bindiga? Doka ta hana. A ruwan ƙasar ga mai gadin kamfani ba ya riƙa makami. Bindiga ta sojan ruwa ta, su ko suna cikin jirgin rakiya, suna biye da ku."

"To mu mi za mu riƙa?"

"Tiyo."

"Tiyo? Na ban-ruwan albasa?"

"Na feshin ruwa mai ƙarfi. In sun zo hawa ku feshe su."

Dikko ya ce, "Wato mutum ya taso da bindiga, ya ratso teku, mu kuma mu yi mishi wanka. Da sabulu ko ba sabulu?"

Ba wanda ya yi dariya sai Maccido.

Ita dokar, in ka zauna ka duba, ba ta yi wauta ba. In aka bar kowane mai kamfani ya tara bindigogi a bakin ruwa, gobe ba ka san wane ne mai gadi wane ne ɗan fashi ba. Amma doka kamar danga ce, amfaninta a riƙa zagayawa ana duba inda akuya ta huda. Wannan kuwa an kafa ta an tafi shan shayi.

Ranar da suka fara hawa jirgi, wani ƙato mai ɗauke da kwantena kamar an ɗora unguwa guda a kan ruwa, Dikko ya tarar da abin da ya sa shi riƙe ciki. A gefen jirgin an jera gumakan roba irin na shagon tufafi, an sa musu hular kwano, an rataya musu katako mai siffar bindiga, wai don ɗan fashi ya hango daga nesa ya ce jirgin nan cike yake da masu gadi. Sun miƙe sambal, ƙirji waje, kamar masu jiran a ɗauke su hoto. Dikko ya ce wannan ko jan-bakin da aka ƙyanƙyashe jiya ba zai ruɗu ba. Ya nemi igiya da tsumma da sanduna, ya karya wa wannan gwiwa, ya jingina wancan da ƙarfe kamar mai gajiya, ya juya fuskokin robar ya naɗe su da ƙyalle. Kafin la'asar kyaftin ɗin jirgin da kansa ya ɗaga wa ɗaya hannu.

Wannan gwaninta ita ta cuce su. Da kamfani ya ga abin da Dikko ya iya, sai lissafi ya sauya. Mai jirgi ya nemi masu gadi takwas, a tura masa uku, Dikko ya cike sauran. Kuma da yake hukuma ta ce duk mai gadin da zai hau jirgi sai mai lasisi, shi kuwa lasisi sai an kai mutum horo na gaske, sai kamfani ya raba wa gumakan sunayen wasu masu lasisi da suka daɗe da barin aiki. Su Dikko kuma a bari sai jirgi ya bar tasha, a kawo su a ƙaramin kwale-kwale su hau ta igiya kamar ɓarayi. Mai duba aiki zai zo, ya sha shayi a ɗakin kyaftin, ya leƙo ta taga ya ƙirga hulunan kwano, ya ce ma sha Allahu. Mutanen tsumma suna da suna, suna da lasisi. Masu jini a jika ba su da ko ɗaya.

Haka suka yi ta yi har aka kusa zagayowar shekara. Rannan da hantsi, rana ta fito tas, teku kwance kamar tabarma, Dikko ya waiwaya bai ga jirgin rakiya ba. Ashe an yi wa jirage biyu alkawarinsa a safiya ɗaya, kamar jakin haya, ya bi wancan. Can sai ga ƙananan jirage biyu suna tsaga ruwa. Ƙararrawa ta ɗauka. Ka'ida ita ce kowa ya ruga ɗakin ƙarfe, wani ɗaki a cikin jirgin da ake kullewa ta ciki har taimako ya zo. Ɗangiwa, shi ne shugabansu a tafiyar, ya riga kowa isa ƙofar, ya riƙe ta, ya ƙwala wa Maccido kira ya koma ya buɗe tiyon baya.

Maccido ya koma. 'Yan fashin kuwa ba jan-baki ba ne, sun san wasan. Suka fara harbin masu hular kwano ɗaya bayan ɗaya don su ga wanne zai motsa. A cikin layin nan kaf mutum ɗaya ne ke motsi. Dikko na kallo, Ɗangiwa na kallo ta kan kafaɗarsa, Maccido ya dafe ƙirji, ya jingina da ƙarfen gefe, ƙarfen bai riƙe shi ba. Wani abu ya fashe kusa da Dikko, kunnensa ya ɗauke, Ɗangiwa ya fizgo shi ciki ya datse ƙofa.

Yana kwance a asibiti kansa a naɗe wani mai kwat daga kamfani ya zo duba shi, ya kawo masa lemo, ya ce a gode wa Allah ba a rasa rai ba. Dikko ya juyo masa da kunnen kirki ya ce ya maimaita. Ya maimaita: an harbo mutum-mutumi ɗaya ya faɗa ruwa, shi ke nan asarar. Domin in suka ce mutum ne, sai a tambayi sunansa, in aka tambayi sunansa sai a tambayi lasisinsa, daga nan sai a rufe musu shago. Kafin a sallami Dikko kuwa, Ɗangiwa ya riga ya buga waya Kebbe: Maccido bai ma hau jirgin ba, ya gudu tun a Ikko, an ce an gan shi ya nufi Kwatano.

Dikko ya bi ofisoshi da bandeji a ka. Na farko suka ce su jirage suke dubawa, masu gadi na wancan ofis ne. Wancan suka ce su masu gadin tudu suka sani, abin da ya faru a ruwa ya koma wa masu ruwa. A na uku ya samu wani mai ƙiba da ya saurare shi har ƙarshe, ya duba abin dubawarsa, ya ce cikin tausasawa, "Malam, wannan sunan ba ya cikin waɗanda suka hau jirgin. Wanda bai hau ba, ta yaya zai faɗo?" Da ya koma bayan siton da aka yi musu horo, ya tarar an sake fenti, an sake allon suna, mai gadin ƙofa ya ce bai taɓa jin wancan kamfani ba. Rigar da ke jikin mai gadin irin tasu ce sak.

Ya dawo Kebbe da kunne ɗaya da labari ɗaya, ya tarar labarin Ɗangiwa ya riga shi zama. Ya faɗi nasa a tasha, ya faɗa a kasuwa, ya faɗa a ƙofar masallaci. Wasu suka yarda, wasu suka ce aboki ne ke rufa wa aboki asiri. Safara'u ce ta rasa inda za ta sa kanta. Mata su shigo gidanta su yi cirko-cirko, ba su san ko "ya haƙuri" za su ce ba ko "an ji ɗuriyarsa", sai su ɓuge da tambayar ya makaranta. Ba ta isa ta shiga takaba ba, ba ta isa ta yi kwalliya ba. In ta sa kwalli a ce ko a jikinta, in ta bari a ce tana yi wa mai rai fatan mutuwa. 'Ya'yanta kuwa ba marayu ba, ba masu uba ba, a makarantar da take koyarwa ake nuna su ana cewa ubansu ya gudu.

Aka taru a zauren Liman Abdulhamidu. Safara'u ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida, lulluɓe.

"Allah shi gafarta Malam, ni ba dukiya nika nema ba. A faɗa mani ni wace ta. Matar aure ko wadda mijinta yar rasu?"

Liman ya ajiye carbinsa. Ya ce labari biyu ne a gabansa, mai cewa ya gudu da mai cewa ya mutu, kuma ba a tabbatar da mutuwa da bakin mutum ɗaya. Sai shaida biyu. In babu, sai a kai wa alƙali, a yi jiran wanda ya ɓata.

"Har yaushe, Malam?"

"Shekara fuɗu, ɗiyata. Sannan takaba."

Dikko ya miƙe tsaye. "Bappa, da idona nig gani! Ni ɗanka na, ka taɓa kama ni da ƙarya?"

"Zauna. Ban ce ƙarya kaka yi ba. Amma kai ɗaya na. Kuma in anka je gaban alƙali, abu na farko da za a ce, wanga ai sana'atai ita ta sa ido shi ga mutum inda babu mutum. Mi za ni ce musu?"

Dikko ya zauna. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne tsohon bai yi ƙarya ba.

Shaida na biyu kuwa yana nan Tambuwal, ya gina gida mai baƙin ƙyaure a gefen hanyar Sakkwato, sahun gaba a masallaci. Dikko ya je ya same shi yana zaune a kan darduma ana yanke masa farce.

"A'a, Mai Mutane! Ƙaƙa kunne?"

"Shina gaishe ka. Alhaji, kalma ɗaya niz zo nema. Ka zo gaban Bappa ka faɗi abin da kag gani."

"Ni ƙofa nig gani, ita nir riƙa, da ita nit tsirar da kai. Ko godiya ba ka yi ba."

"Matar mutum na zaune awa wadda anka rataye."

"In nib buɗe baki, kamfani shi rufe, yaran garin ga da ke ci ta hannuna kai za ka ba su aiki? Tafi ka nemi na cefane, Dikko. Wanda ruwa yac ci ya ci shi, wanda yag gudu ya gudu."

"To wanne na ciki?"

Ɗangiwa ya miƙa wa mai yankan farce ɗaya hannun.

Damina ta faɗi, ta yi nisa, dawa ta fara fitar da kai. Dikko ya koma kabu-kabu, haya da babur. Kullum in ya kawo fasinja Tambuwal sai ya bi ta gaban baƙin ƙyauren nan, ba don komai ba sai don ransa ya ƙara ɓaci. A irin wannan wucewar ya lura da gonar dawa da ke fuskantar gidan, tsallaken hanya, tsuntsaye sun yi mata caa, mai gonar wani tsoho yana ta jifa da hannu ɗaya. Dikko ya tsaya ya ce zai yi masa mutum-mutumi kyauta. Tsoho ya ce Allah ya yi albarka.

Daga nan gidan Safara'u ya nufa, ya yi sallama daga waje, ya ce rigar Maccido yake so, shuɗiyar nan ta zuwa kasuwa, da hularsa.

Safara'u ta ce, "Malam Dikko, ba a raba kayan mai rai."

"Ba rabo na ba. Aro na."

"Mi za ka yi da su?"

"Sun ce mutum-mutumi yaf faɗa ruwa. Zan maido musu abinsu."

Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito, rigar a ninke take, har da ƙamshin turaren da ta ajiye ta da shi. "Aro fa kac ce. In Baban Lubna ya dawo ya tambaya, kai za ka ba shi amsa."

Bai taɓa ɓata lokaci kan wani aiki kamar wannan ba. Ya sauke kafaɗar hagu, ya jingina nauyin kan ƙafa ɗaya, ya lanƙwasa hannu ya dafe ƙugu ta baya. Wurin fuska farin ƙyalle ne kawai, yadda Bappa ya ce. Da ya ja baya ya duba, sai da ya zauna a kan kunyar gona ya rufe ido.

Ranar kasuwar Tambuwal ya kafa shi. Motar farko da ta kwaso mutanen Kebbe, tun daga nesa wani ya ƙwala ihu, "La ilaha illallahu, ga Maccido!" Direba ya taka birki. Aka dira, wasu suka ruga gona, wasu suka ruga buga baƙin ƙyaure suna cewa Alhaji fito, ashe gaskiyarka, ga mutumin ya dawo. Ɗangiwa ya fito da ɗan murmushinsa, ya ɗaga kai ya dubi tsallaken hanya. Nan take murmushin ya ɓace.

Ya sa aka tumɓuke mutum-mutumin. Dikko ya tsince rigar, ya kakkaɓe, da safe ya sake kafawa, ya ɗan gusar da shi gaba kamar yadda ake yi wa tsuntsu. Aka sake tumɓukewa, tsoho mai gona ya fito da sanda yana tambayar uban wa ya hana shi tsare dawarsa. Ɗangiwa ya kai ƙara wurin 'yan sanda, aka kira Dikko.

"Ranka shi daɗe," in ji Dikko, "in shi ma lasisi aka bukata a faɗa mani. Can teku 'yan'uwanshi duk suna da shi."

Ɗan sandan ya ce shi dai bai san dokar da ta hana mutum-mutumi a gona ba, su je su sasanta.

Ɗangiwa ya daina fita ta ƙofar gaba. Ya koma sallah a wani masallaci. Matan gidansa suka ce ba za su iya aiken yara waje ba saboda tsoro. Abin na nan tsaye, yau kusa da hanya, gobe can tsakiyar dawa kansa kawai ake hange, jibi ya dawo daidai saitin ƙyaure, iska na kaɗa shuɗiyar riga. A ƙarshe mutumin da aka yi ta roƙo ya zo zauren Liman ya ƙi, sai ga shi ya zo da ƙafarsa, da hantsi, wai ya kawo ƙarar Dikko wurin bappansa.

Liman ya sa aka kira Dikko, aka kira dattawa biyu na unguwa, aka aika wa Safara'u. Ya saurari ƙarar tsaf.

"Alhaji, ni abin da ban gane ba, tsumma na a gonar wani. In mutumin ga na Kwatano shina cin doya, mi ad damuwarka?"

"Cin mutunci na, Malam."

"To mu kashe ta yau. Ga buta, ga Alƙur'ani. Yi alwala ka dafa, ka ce Maccido bai hau jirgin ga ba. In ka yi, ni da hannuna zan ƙone abin, kuma Dikko in ya sake ko kallon ƙofarka ban yafe mai ba."

Mutum na iya yin ƙarya a waya. Yana iya yi wa mai kwat, yana iya yi wa ofis uku a jere. Ɗangiwa ya ɗauki buta ya fita. Alwalar da ake yi kafin a ce wannan, shi sai da ya wanke kowace gaɓa kamar mai shirin shiga kabari. Ya dawo ya durƙusa gaban Littafin, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a iska.

"Malam, in nif faɗi, nan za ta tsaya? Ba za ta kai Ikko ba?"

"Kai!" Dikko ya zabura. "Har yanzu kamfani kaka tsaro?"

"Zauna, Dikko," in ji Liman. "Ikko ba zaurena ta ba. Ni matar ga nika son in sallama."

Ɗangiwa ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce ya hau. Ya ce shi ya tura shi buɗe tiyo. Ya ce ya ga an harbe shi a ƙirji, ya ga ya faɗa, kuma wanda ya faɗa daga can a haka ba ya fitowa. Dattawa suka yi salati. Daga bakin ƙofa ba a ji kuka ba, sai muryar Safara'u a hankali.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To Malam, yau zan shiga takaba?"

Liman ya tambayi watan da abin ya faru, aka faɗa masa. Ya sunkuyar da kai.

"Ɗiyata, takaba daga ranar rasuwa aka ƙirga ta, ba daga ranar jin labari ba. Taki ta wuce tun kafin a yi shuka."

Safara'u ta ce, "Har ita sunka ci."

Ba gawa, ba kabari, ba takaba. Amma ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ta zauna, mata suka yi ta shigowa, wannan karon ba mai cirko-cirko. "Ya haƙuri?" "Da godiya." Mutanen Sanyinna suka zo mota guda, aka yi addu'a a ƙofar gida, 'yan dakon kasuwar hatsi suka ajiye aiki suka zo gaba ɗayansu.

Kada wani ya zaci duniya ta gyaru. Bayan girbi wata bas ta tashi daga Tambuwal cike da samari, Ɗangiwa a gidan gaba, kamfanin da sabon suna. Dikko ya bi ta da babur har bakin gari yana ce musu su tambaya da sunan wa za su hau jirgi, suna ta dariya suna ɗaga masa hannu, "Sai mun dawo, Mai Mutane!"

Shi kuwa ya juya ya shiga gonar tsoho, ya cire wa mutum-mutumin riga da hula, ya bar karan tsirara. Ya kai wa mai wanki, aka wanke aka buga, ya ninke ya kai Kebbe. Ya yi sallama daga waje.

"Malama, ga aron da nik karɓa."

Safara'u ta karɓa da hannu biyu, ta shafa wuyan rigar inda buhu ya cinye zaren ta gefen hagu.

"An gode, Malam Dikko. Bari in kai wa Malam, shi sa ta cikin kayan gado."